Ƙishi, yunwa da begen jiya: nazarin gidan giyar George Orwell

1. Gabatarwa

Masu karatun Hausa sun san George Orwell (1903-1950) ta hanyar Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafinsa Animal Farm a 1975. Matanin da muke son mu duba a cikin wannan ƴar takarda ƙarami ne ƙwarai in an gwada shi da wancan. Maƙalar jarida ce da ba ta wuce shafi uku ba, wadda ta fito a Evening Standard ta birnin Landan ranar Asabar 9 ga Fabrairu 1946, da sunan The Moon Under Water, wato wata a ƙarƙashin ruwa. Sunan wani gidan giya ne, irin na unguwa da Ingilishi ke ce wa pub. Marubucin ya bi gidan ɗaki-ɗaki yana yabo, sai can wajen ƙarshe ya shaida wa mai karatu cewa babu shi a ko'ina, ƙago shi ya yi. Wannan bai hana maƙalar zama abin kafa hujja ba ga duk mai kukan cewa gidajen giyar Ingila sun lalace, ba kamar na da ba.

Masu ambaton maƙalar sun fi ɗauko ado da shiru da kirkin masu gidan. Mu kuwa ta wajen ciki za mu shige ta. Giya tana sa yunwa, kuma duk gidan da ke sayar da ita dole ya san yadda zai yi da wannan yunwa: ko ya ciyar, ko ya sallami mutum ya je ya nema a wani wuri. Tambayarmu ke nan ga matanin: wa ke ciyar da mai sha a gidan da Orwell ya gina, da wane lokaci, kuma wa ya ciyar da shi a gidajen gaske? Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gidan nan haɗin gambiza ne. Bangonsa na tsohon zamani ne, amma madafarsa da lambunsa aro ne daga sababbin gidajen da shi Orwell ɗin yake yi wa ba'a. Masu begen jiya da suka biyo bayansa sun riƙe bangon, sun manta da madafar.

Adabinmu ya san giya ta fuskar wa'azi, kamar a Waƙar Giya ta Mu'azu Haɗeja, ya kuma san ta ta fuskar annashuwa a bakin Mamman Shata. Ingilishi suna da wani reshe na uku mai yawan rubuce-rubuce, wanda jigonsa kewar wurin shan ne, da mutanen da ake tararwa a ciki. Reshen nan ne ya kawo mu, kuma ba sai mai nazari ya taɓa kurɓa ba kafin ya ga yadda bege yake aiki a cikinsa.

2. Abin da ke kan kanta, da abin da babu

Zubin maƙalar mai sauƙi ne. Gidan yana kusa da inda bas ke tsayawa, amma a wani lungu, inda ƴan maye da masu rigima ba sa zuwa. Gininsa da kayansa duka na zamanin Sarauniya Biktoriya ne: katako, madubai masu zane, murhun ƙarfe, rufin da hayaƙin taba ya rina. Ba rediyo, ba fiyano, don a ji daɗin hira. Matan da ke zuba giya dattijai ne da suka san kusan kowa da sunansa. Ana sayar da taba, da asfirin, da kan sarki, ana kuma barin mutum ya yi waya. Akwai baƙar giya ta ganga, akwai kuma moɗar tangaran. A baya akwai lambu mai itatuwa da lilon yara, inda iyali ke zama da bazara. Orwell da kansa ya ƙidaya siffofin ya ce 10 ne, ya ce ya san gida guda da ya haɗa 8.

Yanzu mu tsaya a kan cimaka, domin a nan ne alƙalaminsa ya fi daɗewa yana lissafi. A ƙasa akwai kanta ta ƴan abubuwan taɓawa: burodi da tsiran hanta a tsakiya, naman ƙumbar teku, cuku, kayan lambu jiƙaƙƙu cikin ruwan tsami, da manyan biskit. A bene kuma, kwana 6 a mako, ana samun kalacin rana mai nauyi, yankan gasasshen nama da kayan lambu iri biyu da abin zaƙi, a kan kamar sule 3.

Mai karatu na yau zai wuce wannan jeri da sauri, ya ɗauka abincin talaka ne. Mai karatu na Fabrairun 1946 kuwa sai ya haɗiyi miyau. An fara rabon abinci da kati a Birtaniya a Janairun 1940, ba a ɗage shi gaba ɗaya ba sai 1954. A mafi yawan shekarun yaƙin, rabon naman babban mutum na mako guda shi ne abin da sule 1 da kwabo 2 za su saya. Ke nan kuɗin kalacin rana guda a gidan Orwell ya ninka kuɗin naman mako fiye da sau biyu. Cuku ma da kati ake samun sa. Watanni 5 bayan fitowar maƙalar, a Yulin 1946, aka sa burodi cikin rabo, abin da ba a yi ba ko da yaƙin yana tsakiyarsa, kuma haka aka zauna har 1948. Abincin gidajen cin abinci ba ya cikin kati, amma tun 1942 doka ta ƙayyade cewa kada kwano ya wuce sule 5. To, jerin nan na Orwell mafarkin mutum ne da ke zaune cikin ƙasar da ta ci yaƙi amma ba ta ƙoshi ba. Makonni kaɗan kafin wannan, a jarida ɗaya, ya rubuta maƙala yana kare girkin Ingilishi, ya rubuta wata a kan yadda ake dafa shayi. Uku ɗin ƴan ɗaki ɗaya ne.

Abin da ya fi jan hankalinmu ƴar jimla ce guda da ake tsallakewa. Kafin ya fara jera kayan kanta, Orwell ya faɗa ƙarara cewa ba a samun kalacin dare a gidan. Mutum ne da yake gini da baki, ba wanda ya hana shi ya ƙara tukunya ɗaya. Ya ba gidan bene, ya ba shi mai girki, ya ba shi nama kwana 6, amma da rana ta faɗi sai ya kashe wutar murhu. Wanda ya zauna daga magariba har lokacin rufewa, wato daidai mutumin da giya za ta fi buɗe wa ciki, biskit da cuku kaɗai zai samu. A namu gani ba mantuwa ba ce. Orwell ya san cewa ranar da aka fara shimfiɗa farantai da dare, zama zai canja: kowa zai koma teburinsa da mutanen da ya zo da su, hirar da ke zagaye ɗaki ta mutu. Ya zaɓi hira, ya bar yunwar dare a waje. Zaɓi ne mai ma'ana, amma matanin bai tambayi inda za ta tafi ba.

Sai kuma lambun. Shi ne abin da Orwell ya ce ya fi so a gidan, domin yana ba iyali damar fita tare, maimakon uwa ta zauna gida da goyo, uba ya tafi shi kaɗai. Tun dokar yara ta 1908 aka hana duk wanda bai kai shekara 14 ba shiga ɗakin sha, kuma Orwell ya ɗora wa wannan hani laifin mai da gidajen giya wurin ɗirka kawai. Ya kamata mu tuna cewa matarsa Eileen ta rasu a Maris 1945, ta bar shi da ƙaramin yaron da suka ɗauka riƙo. Wanda ya rubuta lambun nan gwauro ne mai yaro a hannu.

Ga inda haɗin gambizar ya fito fili. A farkon maƙalar Orwell ya yi wa gidajen giyar zamani ba'a, masu teburan gilashi da azara ta ƙarya da roba mai kwaikwayon katako. Gidajen da yake nufi su ne waɗanda manyan kamfanonin giya suka giggina a bayan gari a shekarun 1920 da 1930, da manufar gyara halin masu sha. To amma su ɗin nan ne suka zo da lambu, da ɗakin cin abinci, da wurin zaman mata da iyali. Tushensu ma yana komawa ga hukuma. A 1916, saboda maye ya yi yawa cikin ma'aikatan masana'antar harsashi ta Gretna, gwamnati ta saye kamfanonin giya da gidajen sha na birnin Carlisle, ta rufe da yawa, ta shiga sayar da abinci a waɗansu, bisa hujjar cewa mai cin abinci ba ya saurin buguwa. Wannan tsari ya rayu har dokar 1971 ta kawo ƙarshensa. Gidan Biktoriya na cikin birni, mai madubai da murhun ƙarfe, an gina shi ne domin a sha da yawa cikin ƙaramin wuri, galibi a tsaye. Orwell ya ɗauki fatar wannan ya lulluɓe tsarin wancan.

3. Ina yunwar take tafiya?

Kafin mu bi ta, mu tabbatar da cewa akwai ta. Faransawa sun daɗe da shaidawa, tunda kalmarsu apéritif daga aikatau na Latin mai ma'anar buɗewa ta fito, daidai da yadda Bahaushe ke cewa abu ya buɗe masa ciki. Abin mamakin shi ne giya ba fanko ba ce. Giram ɗaya na sinadarin barasa yana ɗauke da kalori 7, alhali na sukari 4 ne, na mai 9. Moɗar Ingilishi guda, mai mililita 568, ta giya mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, tana da kalori wajen 180. Wanda ya sha moɗa 4 ya ci kalaci ke nan a lissafi, amma jikinsa ba ya ƙidaya shi.

Dalilan da masana suka gano sun kasu. Jiki ba ya iya ajiye barasa, saboda haka hanta takan bar sauran aikinta ta fuskance ta, ciki har da aikin ƙera sabon sukari, har sukarin jini ya iya sauka, musamman ga wanda ya sha ba komai a cikinsa. Sa'an nan akwai ƙwaƙwalwa. A 2015 masu bincike a jami'ar Indiana ta Amurka sun sa wa mata 35 barasa ta jijiya, don kada ɗanɗano ko zaman hira su shiga lissafi, sai wajen kashi biyu cikin uku suka ci abinci fiye da ranar da aka sa musu ruwan gishiri kawai, hoton ƙwaƙwalwarsu kuma ya nuna ta fi motsawa da ƙanshin abinci. A 2017 Sarah Cains da abokan aikinta na cibiyar Francis Crick ta Landan sun nuna, a jikin ɓeraye, cewa barasa tana tayar da ƙwayoyin jijiyar nan da ake kira AgRP, waɗanda a ƙa'ida yunwa ta gaske ce ke tayar da su. Da aka kashe aikin ƙwayoyin, sai cin ya daina ƙaruwa. Ɓera ba mutum ba ne, amma hanyar ta bayyana: ƙwaƙwalwa tana buga gangar yunwa alhali rumbu cike yake. A ƙara da cewa barasa tana sassauta linzamin kai, wanda da safe ya yi niyyar rage ci, da dare ba ya tuna ya yi.

Masu sha na zamanin Orwell sun san haka ba tare da ɓera ba, kuma muna da shaidar da shi kansa ya karanta. Daga 1937 ƴan ƙungiyar Mass-Observation sun zauna a Bolton, birnin masaƙu a arewacin Ingila mai gidajen giya wajen 300, suna ƙidaya komai, har yawan mintocin da moɗa ke ɗauka kafin ta ƙare. Littafinsu The Pub and the People ya fito a 1943, Orwell ya yi sharhinsa a mujallar The Listener a Janairun wannan shekara. Da aka tambayi mutanen garin me ya sa suke sha, fiye da rabi lafiya suka kawo hujja, har da masu cewa giya tana sa su cin abinci. Gidajen da littafin ya siffanta kuwa na sha ne da hira da wasa. Akwai ɗakin da mata ba sa shiga sam, akwai wanda suke zama amma giyar ta fi tsada da kwabo. Ba wurin cin abinci ba ne, ba wanda ya je can don ya ƙoshi.

Ɗan abin da ake samu a kan kantar irin waɗannan gidaje an zaɓe shi ne don ya taimaki ciniki. Kamfanin Smith's, wanda aka kafa a Landan a 1920, ya bunƙasa da sayar da soyayyen dankali mai ƙaras-ƙaras a gidajen giya, da ɗan ƙullin gishiri cikin shuɗiyar takarda. Gishiri yana kiran ƙishi, ƙishi yana kiran wata moɗa, moɗar kuma ta ƙara yunwar da dankalin bai kashe ba. Manyan biskit ɗin da Orwell ya yaba da ƙauna ƴan wannan dangi ne.

Yunwar gaske sai an rufe take fita titi. Ƙuntata lokacin sha da aka yi a yaƙin duniya na farko ya zama doka tsayayya a 1921: a rufe da rana na aƙalla awa 2, a kuma rufe da ƙarfe 10 na dare, ko 11 a Landan. Ma'anar wannan ita ce dubban mutane masu buɗaɗɗen ciki suna fitowa a minti ɗaya. Wuri biyu suke nufa. Na farko shagon soyayyen kifi da dankali, waɗanda yawansu ya kai wajen 35,000 a ƙasar a wajajen 1930, kuma ba a sa su cikin kati ba lokacin yaƙi. Na biyu gida, inda wata ta ajiye abinci a kan wuta tana jira, daga cikin kuɗin cefanen da giyar ta riga ta rage. Orwell ya ga matar nan, har ya gina mata lambu. Amma da ya kashe murhun gidansa da dare, girkin nata ne ya koma.

Mai karatu na Yamai ko Maraɗi ba baƙo ba ne ga wannan rabon aiki, domin ya san mai tsire da ke kafa tukubarsa a ƙofar gidan giya, kasuwarsa ba ta ci sai dare ya raba. Burkutu kuwa, da yake ta dawa ce mai kauri, ba a tace ta sosai ba, ita kanta rabin abinci ce. Giyar da aka tace ta yi garau ita ce ke buƙatar maƙwabci mai wuta.

A Ingila maƙwabcin nan ya canja fuska daga shekarun 1960 zuwa 1980. Gidajen abincin da ake ce wa na Indiya, waɗanda akasarin masu su mutanen Sylhet ne ta Bangaladash, su ne ke buɗe bayan ƙarfe 11, sai kuma masu gasa nama irin na Turkiyya. Su suka gaji yunwar, suka gaji rashin kunyar da ke zuwa tare da ita. Mafi kyawun sharhin da muka sani a kan wannan dare wasan barkwanci ne. A shirin Goodness Gracious Me da BBC ta fara nunawa a talabijin a 1998, an juya hoton: wasu Indiyawa a Bombay, bayan sun sha sun yi tatul a daren Juma'a, sun shiga gidan abincin Ingilishi, suna gasar wa zai iya cin abin da ya fi lami, suna murɗe sunan Baturen da ke kawo musu abinci. Cikin ƴan mintoci wasan ya nuna abin da rubutun begen gidan giya ba ya nunawa, wato mutumin da ke tsaye da faranti bayan hirar ta watse.

4. Magadan maƙalar

Raymond Williams, a littafinsa The Country and the City na 1973, ya lura cewa kowane zamani na marubutan Ingila yana ajiye kyakkyawar rayuwar ƙauye a ɗan baya kaɗan, a ƙuruciyar marubucin ko ta iyayensa, in ka je can kuma sai ka tarar mutanen lokacin suna nuna maka baya. Haka gidan giya yake. Adon Biktoriya da Orwell ke so bai fi shekara 50 zuwa 60 ba a 1946, domin yawancinsa na haɓakar gine-ginen shekarun 1880 da 1890 ne, kuma masu wa'azin lokacin tarkon talaka suka ɗauke shi. A 1971 aka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar ganga ta gargajiya daga ta manyan kamfanoni. A 1973 Christopher Hutt ya fitar da littafi mai suna The Death of the English Pub, ya yi wa gidan jana'iza. Shekarun da ya yi wa kuka su ne yau ake kira na albarka.

Ba muna cewa ba a yi asara ba. Ƙididdigar ƙungiyar masu sana'ar ta nuna gidajen giya wajen 69,000 a Birtaniya a 1980, wajen 60,800 a 2000, ƙasa da 48,000 a 2019. Inda masaƙa ko mahaƙar kwal ta rufe, gidan da ke bakin ƙofarta ya bi ta, kuma tsohon da ya rasa wurin da ake kiran sunansa in ya shiga, asara ya yi ta gaske. Abin da muke tuhuma shi ne labarin da ake bayarwa game da dalilin, musamman in an zo kan abinci.

Misali mafi daɗi shi ne abin da ake kira kalacin manomi: burodi, cuku, da jiƙaƙƙen kayan lambu a faranti. Cin burodi da cuku tare da giya tsohon abu ne, amma sunan da farantin, a matsayin abincin gidan giya na kaka da kakanni, masu tallan cuku da hukumar kasuwancin madara ne suka yaɗa su a shekarun 1950 da 1960, bayan an ɗage rabon cuku. Ba ya buƙatar murhu, ba ya buƙatar mai girki, yana kuma ƙara ƙishi. Ian McEwan ya ɗauki sunan ya sa wa fim ɗin da ya rubuta, The Ploughman's Lunch, wanda ya fito a 1983, jigonsa yadda ake ƙera tarihi a sayar. Ga jiya an yi ta a ofis, an kawo ta kan kanta.

Daga nan sai magana ta juye. A 1991 aka buɗe The Eagle a unguwar Clerkenwell ta Landan, gidan da ake ɗauka shi ne na farko cikin masu girkin gaske. Yara sun samu izinin shiga da sharaɗi daga 1995. Hana shan taba a ciki, a Yulin 2007, ya ƙara tura masu gidaje wajen abinci, inda riba take. Sai masu bege suka fara kukan cewa abinci ne ya kashe gidan giya: ko'ina farantai, ko'ina yara, ba inda mutum zai jingina ya sha a natse. Sau da yawa Orwell suke kira shaida. Sun karanta madubai da shiru, ba su karanta bene da lilo ba. Gidan da suke bege, na sha zalla da maza zalla, shi ne wanda Orwell ya kira lalacewa. Inda kawai suke da gaskiya a kansa shi ne kalacin dare, kuma mun ga abin da wannan ya ɓoye.

Magajin da ya fi ba da dariya kamfani ne. Tim Martin ya buɗe gidansa na farko a arewacin Landan a 1979, kamfaninsa Wetherspoon ya kai gidaje wajen 800 a 2024, kuma ya sa wa da dama daga cikinsu sunan The Moon Under Water. Ɗaya yana cikin tsohon gidan silima a Manchester, ƙato ne mai cin ɗaruruwan mutane. An san gidajen da rashin kiɗa, kamar yadda Orwell ya so. Ana cin abinci mai arha daga safe har dare, har da ranar da aka keɓe wa miyar Indiya, wato an shigo da yunwar ƙarfe 11 ciki, an kuma karɓe cinikin mutanen Sylhet. Abin da ba ya yiwuwa a ɗaki mai wannan girma shi ne dattijuwar da ta san sunan kowa. Ana iya yin odar moɗa ta wayar hannu daga tebur, a kawo, ba a yi magana da kowa ba. Siffofi 10 na Orwell ba nauyinsu ɗaya ba, kuma maƙalar, da ta jera su kamar kayan kanti, ita ta ba da ƙofar a ɗauki masu sauƙin saye a bar mai wuya.

Tambayar wa ke ciyar da mai sha ta sake komawa hannun hukuma a Disambar 2020, lokacin annobar korona. A yankunan Ingila da aka sa a mataki na biyu, doka ta ce ba a sayar da giya sai tare da abinci mai nauyi, hujja irin ta Carlisle bayan shekara 104. Nan take ƙasa ta ɗauki gardamar me ake nufi da nauyi. Ministan muhalli da abinci, George Eustice, ya ce dafaffen ƙwan nan da ake naɗewa da niƙaƙƙen nama a soya zai iya wadatarwa in an kawo shi kan tebur, sauran ministoci suka yi ta saɓa wa juna. A ƙarƙashin wannan doka, gidan Orwell zai yi ciniki da rana a bene, da dare kuwa sai an yi shari'a a kan ko burodi da tsiran hanta abinci ne. Gidajen sha zalla, irin na Bolton, waɗanda ba su da madafa, rufewa suka yi, gwamnatin Boris Johnson ta ba kowanne tallafin fam 1,000 na watan.